Wane suna za mu ba aikin neman waɗanda suka haɗu da mai cuta?

Jama'a, tun zamanin korona akwai kalmar da ke ci min tuwo a ƙwarya. Da Turanci ana ce wa aikin contact tracing. Idan gwaji ya nuna mutum ya kamu, sai ma'aikatan lafiya su zauna da shi su ji da wa da wa ya haɗu, su nemo mutanen ɗaya bayan ɗaya, su sa musu ido har kwanakin da cutar ke ɓoyewa a jiki su cika. Har yau ba mu tsayar masa da suna ba.

Da aka samu mutum na farko mai korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, wani ɗan Italiya, sannan cutar ta ɓulla a Kano ranar 11 ga Afrilu, kowa da irin fassararsa. Wadda ta fi ɓata min rai ita ce "farauta", wai ana farautar waɗanda suka yi mu'amala da mai cutar. Haba! Me ake farauta in ba naman daji ko ɓarawo ba? Wanda ya ji ana farautarsa ai kashe waya zai yi ya shige ƙauye, kuma in yana da cutar da ita zai tafi.

"Bin sawu" ta fi daɗin ji, ni ma da farko ita na riƙe. Amma Bahaushe sawun saniyar da aka sace yake bi, har ya kai ƙofar wanda ake zargi. Warin tuhuma bai rabu da ita ba. "Bin diddigi" kuwa ta kwamitin bincike ce da kuɗin da suka yi ɓatan dabo.

Ni dai "bibiya" na zaɓa, ga kuma dalilina. "Bi" sau ɗaya ne, "bibiya" kuwa yau a je, gobe a koma. Haka aikin yake. Ku tuna Ebola a 2014, lokacin da Patrick Sawyer, wanda ya shigo da cutar Najeriya, ya sauka Legas daga Laberiya ranar 20 ga Yuli. Mutum 894 da suka haɗu da masu cutar aka rubuta sunayensu, aka yi ta zuwa gidajensu ana auna zafin jiki kullum har kwana 21, ziyara wajen 18,500. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da cutar. Wannan ba gano mutum ba ne kawai, jele ne. A korona kwana 14 ne, amma tsarin ɗaya. Sannan kalmar ba ta tsorata kowa: likita ma yana bibiyar mara lafiyarsa, uwa tana bibiyar karatun ɗanta.

Sai rabi na biyu na sunan, wato contact, haɗuwar da aka yi da mai cutar. "Mu'amala" ba ta yi ba, don ana mu'amala ta waya, cuta kuwa ba ta bin waya. "Hulɗa" kuma, a je a ce wa magidanci an zo ne saboda matarsa ta yi hulɗa da wane, a ga yadda za a kwashe. "Cuɗanya" ce ke nuna jiki kusa da jiki: sahun masallaci, gidan biki, kujerar bayan A Daidaita Sahu.

Ke nan: bibiyar cuɗanya. Ma'aikatan su ne masu bibiya.

Wani zai ce ta yi tsawo. To, "allurar rigakafi" fa? Kakanninmu "lamba" suke cewa a zamanin agana, saboda tabon da take bari a damtse, kalma gajeriya sarai, amma doguwar ce ta zauna. Da allurar korona ta AstraZeneca ta iso Abuja ranar 2 ga Maris 2021 babu wanda ya tsaya neman sabon suna.

A gwada ta a baki: "Baba, masu bibiya ne daga asibiti, sun zo duba lafiyarka." Tsoho zai sa a shimfiɗa musu tabarma.

Inda ban gamsu ba shi ne sunan wanda ake bibiyar. "Abokin cuɗanya" nake cewa, amma wanda kuka haɗa kujerar mota da shi daga Kano zuwa Zariya ba abokinka ba ne. Mutanen Maraɗi da Damagaram, me gidajen rediyonku suke kiran sa?