Neman kalmar Hausa: yaya za mu kira “draft” a hokin ƙanƙara?

Jama'a, masu fassara labaran wasanni suna yawan cin karo da kalmar “draft” idan ana maganar gasar NHL ta hokin ƙanƙara a Amurka da Kanada, kuma har yanzu kowa da abin da yake rubutawa. Wasu kan sa “daftari”, wanda ba shi da wuri a nan, domin daftari rubutu ne da ba a kammala ba.

Ga yadda abin yake. Kowace shekara ƙungiyoyi 32 na gasar suna zama su zaɓi matasa, galibi 'yan shekara 18 zuwa 20, a zagaye bakwai, kuma ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ne suke kan gaba a layi, bayan an yi ƙuri'ar sa'a a kan gurabe biyu na farko. Wani ɗan'uwa ya ba da shawarar “zaɓen 'yan wasa”, wani kuma “ɗaukar 'yan wasa”. Na farkon bai yi laifi ba, sai dai bai faɗi komai ba. Na biyun kuwa yana ɓatar da mai karatu, domin wanda aka kira sunansa a wannan rana, ya hau dandamali ya sa rigar ƙungiya da hularta aka ɗauki hoto, bai samu aiki ba tukuna, kuma bai sa hannu a kan komai ba. Ƙungiyar ta samu haƙƙin cewa babu wata a gasar da za ta ƙulla kwantiragi da shi sai ita, na wani wa'adi.

Shi ya sa nake ganin kalmar da ta dace ita ce “kamu”, irin wanda ake yi wa yarinya kafin aure: an san da maganar wane, an rufe ƙofa ga sauran manema, amma ba a ɗaura ba, kuma ana iya fasawa.

'Yan jami'a ne suka fi nuna dacewarta. A hoki, yaron da aka zaɓa yana iya ci gaba da bugawa jami'arsa muddin bai sa hannu a kwantiragi ba, kuma a ƙarƙashin yarjejeniyar da NHL ta ƙulla da 'yan wasanta a 2013, haƙƙin ƙungiya a kansa yakan ƙare ne ranar 15 ga Agusta ta shekarar da ya kammala karatu. Ƙungiyar Nashville ta zaɓi Jimmy Vesey a 2012, ya yi zamansa a Jami'ar Harvard har ya gama, ya ƙi sa hannu, aka miƙa haƙƙinsa ga Buffalo, nan ma ya ƙi, sannan a Agustan 2016 ya tafi New York Rangers da ƙafarsa. Da kalmarmu, sai a ce Nashville ta yi kamunsa, kamun ya koma hannun Buffalo, wa'adi ya cika, kamu ya warware. Gwada faɗin wannan da “ɗauka” ka ji yadda zancen zai karkace.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi, na amince: kanun labari da ya ce “an yi kamun 'yan wasa” zai sa wani ya zaci 'yan sanda ne suka yi samame. Maganinsa shi ne a kira taron “zaɓen kamu”, a bar “kamu” shi kaɗai ga cikin labari bayan an yi bayani.

Saura wanda babu ƙungiyar da ta kira sunansa har shekarunsa suka wuce. Ban so a ce masa “wanda aka ƙi”, domin shi ne yake da damar zaɓar inda zai je, kuma Martin St. Louis, da ya fito daga Jami'ar Vermont ba tare da an zaɓe shi ba, ya ci kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, da ƙungiyar Tampa Bay a 2004, ya kuma zama gwarzon gasar a wannan shekarar. Ina ba da shawarar “marar kamu”, jam'insa “marasa kamu”. Masu karanta labarai a rediyo su gwada su a baki, su gaya mana ko sun zauna.