Zoben bazata a hutun Disamba: neman aure ne ko wasan yara?

Auta: Assalamu alaikum mutanen gida. Ina sauka Kano ranar 20 ga Disamba, in koma Manchester farkon Janairu. Maganar yarinyar nan da na gaya wa Yaya, na gama shawara. Na sayi zobe. Daren shiga sabuwar shekara zan kai ta gidan cin abinci, in durƙusa in tambaye ta ko za ta aure ni. Ba ta san komai ba, don Allah kada wani ya fasa ƙwan. Ni a ganina mutunta mace ke nan, a ji ta bakinta kafin manya su shigo.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Durƙuson nan ka adana shi, a gaban mahaifinta za ka yi shi. Abin da ka lissafa ba neman aure ba ne. Nema shi ne Kawu ya ɗauki mutum biyu su je a yi gaisuwa, a ce an gani ana so, waliyyinta ya ce ya ba ka ko bai ba ka ba. Ko zobe goma ta karɓa, gobe babanta na iya ba wani.

Anti Ƙarama: Yaya, ban yarda da kai duka ba. Ba ku ne kuke jawo hadisin neman izinin budurwa ba? Khansa'u bint Khidam mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara, Annabi (SAW) ya warware auren, yana nan cikin Bukhari. Yaro ya ce zai fara tambayar mai abin, mene ne laifinsa?

Yaya Babba: Ya tambaye ta mana, zance me aka yi shi don shi? Wa ya ce sai da fitilu da masu ɗaukar hoto?

Kawu: Auta, bari in tambaye ka, ka san dalilin da ya sa Turawan naka suke yawan yin wannan a Disamba? Lokacin Kirsimeti ne danginsu ke haɗuwa wuri ɗaya, an rufe ofisoshi, sai a yi baiko a sanar da kowa a zama guda. Kuma da yawansu har yau sai saurayi ya fara neman amincewar uban yarinya. Zoben lu'ulu'un ma ba wata tsohuwar farilla ba ce a wurin talakansu. Kamfanin De Beers mai sayar da lu'ulu'u ne ya dage da talla a Amurka, musamman daga 1947, har ya zama kamar ba a baiko sai da shi. Mu ma Disamba lokacin aure ne tun da can, amma don kaka ta wuce, an sayar da amfanin gona, hannu ya yi nauyi. Yanzu kuma ga hutun ma'aikata da 'yan makaranta. Lokacin ka zaɓa daidai, hanyar ce ka ɗauko ta wasu.

Likita: Mijina na wasa, ashe kishiya za a yi mini ban sani ba? To ni tambayata ɗaya ce: ka san nau'in jininta, wato genotype? Kai dai AS ne, wato kana ɗauke da ƙwayar sikila, ni na raka ka gwajin. In ita ma AS ce, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Kuma tun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin aure a Kano, har da ƙanjamau da ciwon hanta. Ka sa mata zobe, hoto ya zaga dangi, sannan sakamako ya fito ba daɗi, wa zai je ya karɓo zoben?

Auta: Ban tambaye ta ba tukuna. Ai tambayar ce za ta tona mini shirin.

Likita: Ka ji fa. Shirin da tambayar jini ke rushewa ai ba shiri ba ne.

Gwaggo: Ni ɗan nan, abin da ya tsaya mini daban ne. Ka ce don ka mutunta ta ne. Yarinyar da aka rena da kunya, ka tsayar da ita gaban baƙi, kowa ya ɗaga waya, kai kana ƙasa a durƙushe, ta ina za ta ce a'a? Ko "bari in yi shawara da Ummata" ba za ta iya furtawa ba. Za ta ce to don kada ta kunyata ka, ta koma gida da kuka. Wannan ba jin ta bakinta ba ne, ƙure ta ka yi. A soron gidansu ta fi samun bakin magana. Sannan ka binciko ko akwai wanda ya riga ka kai gaisuwa? Shekara biyu ba ka gari. An hana nema cikin nema, ka sani.

Anti Ƙarama: Nan kam Gwaggo ta kama ni. Taron jama'ar ne ban so. Amma zoben ina nan kan bakana, kyauta ce, kyauta kuwa tana ƙara so. Ya ba ta a zaure, ƙannenta na leƙe.

Yaya Babba: Ya sa shi cikin kayan sa rana, tare da goro da alewa. Kafin nan wace ce ita a wurinsa da zai riƙe mata yatsa?

Anti Ƙarama: Wa ya ce zai riƙe? Miƙa mata akwatin zai yi ta sa da kanta. Yaya, kai fa ranar da Anti ta amince da kai agogo ka kai mata, muna sane.

Auta: To in na fasa bazatar, kwana goma sha biyar za su isa a yi gaisuwa har a sa rana?

Kawu: Gaisuwa dai za ta yiwu, in ka daina ɓoye-ɓoye. Sa rana kuwa sai sun yi nasu binciken a kanka, ba za su yi shi a guje don tikitinka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk Asabar da Lahadin ƙarshen wata ina da ɗaurin aure, kuma kada ka dogara da ranar saukarka, hazo na hana jirgi sauka a filin Malam Aminu Kano. Ka kira ta yau ka gaya mata manya za su zo, in ta yarda ta sanar da mahaifiyarta, ta je gwajin kafin ka iso. Ka turo mini sunan mahaifin nata da unguwarsu ta waya, ba a nan ba.

Auta: To Kawu, zan turo bayan Isha'i. Amma zoben ba zan sa shi cikin goro ba, Yaya. Da hannuna zan ba ta.