Ɗan Alhaji ko Yaron Shago: Wa Ya Kamata Ya Karɓi Makulli?

Ɗan Kwari:
Salamu alaikum. Maganar da na yi jiya a wurin zaman makoki har wasu suka ɓata rai, ina nan a kanta. Idan mai kasuwanci ya rasu, yaron da ya daɗe yana buɗe masa shago ya fi ɗan cikinsa cancantar riƙe harkar. A layinmu aka yi. Bawan Allah yana da shago uku da sito, yaronsa ya shekara 18 tare da shi. Shi ya san baƙon Maraɗi da ake ba dilar atamfa ba takarda, shi ya san wanda in ka ba shi bashi sai a lahira. Ana gama sadakar arba'in babban ɗa ya miƙa hannu ya karɓi makulli da littafin bashi, alhali bai taɓa wuni a kasuwa ba. Yaron ya haƙura wata shida ya tafi, baƙi suka bi shi. Yau shago biyu an sayar, na ukun cajin waya ake yi a ciki.

Malamin Islamiyya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, a yi hattara da harshe. Gado Allah ne da kansa ya raba a Suratun Nisa'i, yaron shago ba ya ciki komai daɗewarsa. Amma ina ga abu biyu muke cakuɗawa. Mallakar dukiya daban, juya ta daban. Manzon Allah (SAW) da dukiyar Nana Khadija ya tafi fatauci Sham, kuma babin ƙiradi yana nan a littattafan fiƙihunmu: mai jari ya ba da jari, mai iyawa ya juya, a raba riba yadda aka yi yarjejeniya. Magada su mallaka, wanda ya iya ya gudanar, shari'a ba ta hana ba.

Ɗan Gida:
Ni dai kun taɓa ni, don ni ma mahaifina na gada. Kullum ɗan Alhaji ne lalatacce a bakin mutane. To gidan Ɗantata fa? Alhasan ya rasu 1955, 'ya'yansa suka riƙe, Alhaji Aminu ya ja ragamar har ya rasu a 2025. Aliko Ɗangote jinin gidan ne ta wajen uwa. Abdussamad na BUA ɗan Khalifa Isyaku Rabi'u ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sannan yaro in ya ci amana ya gudu, ina za ka gan shi? Ɗa kuwa sunan ubansa yake karewa.

Hajiya Akanta:
Ƙanena, misalanka ni suke goya wa baya. Alhaji Aminu ba shi ne babba ba a cikin 'ya'yan Alhasan, kuma tun yana matashi aka sa shi harkar sayen gyaɗa, ya sha rana da ƙura kafin ya zauna a kujera. Ba haihuwa ce ta ba shi iyawa ba, horo ne. Aliko kuma duba abin da ya yi a 2025: ya sauka daga shugabancin hukumar gudanarwar kamfanin siminti, aka ɗora Emmanuel Ikazoboh, wanda ba dangin iya ba na baba. 'Ya'yansa mata kuma sun daɗe suna aiki a cikin kamfanonin. Wannan ma wani ciwon ne da ba ku taɓo ba. Nawa ne a cikinku ya taɓa tunanin 'yarsa da ta karanta lissafin kuɗi za ta iya duba masa littafi? Ina zuwa duba asusun 'yan kasuwa, sai in tarar kuɗin cefane da kuɗin makarantar yara da jarin shago duk aljihu ɗaya. Irin wannan ko wa ka ba sai ya rikice, ɗa ne ko yaro.

Ɗan Gida:
Hajiya, simintin Ɗangote kamfani ne da ke kasuwar hannun jari. Kada ki haɗa shi da mai shago uku.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Girman ne ya bambanta, Alhaji ƙarami, ciwon iri ɗaya ne. A 2010, zamanin Sanusi Lamiɗo Sanusi, Babban Banki ya ƙayyade wa shugabannin bankuna shekara 10. Jim Ovia ya bar Zenith, Godwin Emefiele ya hau. Tony Elumelu ya bar UBA, Phillips Oduoza ya hau. Duka biyun daga cikin gida aka ɗauko su, bankunan ba su girgiza ba. A Fabrairun 2024 Herbert Wigwe na Access ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Amurka, cikin 'yan kwanaki aka naɗa Bolaji Agbede riƙon ƙwarya, washegari kowa ya ciri kuɗinsa kamar kullum.

Ba tsafi ba ne. Inda na yi aiki, duk kujera mai muhimmanci akwai sunaye a ƙarƙashinta: wanda zai iya hawa yau in ta ɓaci, da wanda ake reno nan da shekara biyu ko uku. Ana juya mutum daga sashe zuwa sashe, daga reshe zuwa reshe. Kuma hutun shekara dole ne, ba gata ba. Sai ka tafi wani ya zauna a teburinka, a nan ake gane ko aikin yana tafiya ba kai, a nan kuma ake gano ɓarna in akwai. Ku gaya min, wane Alhaji ne a kasuwar Kwari ko ta Singa a Kano yake iya barin shago wata guda bai kira waya sau goma a rana ba?

Yaron Shago:
Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki, tunda a kaina ake magana. Wallahi mu ba gadon kowa muke nema ba. Shekarata 11 da ubangidana, ina ƙaunarsa, shi ya yi min aure. Amma har yau ban san lambar mutumin da yake turo mana kaya daga Cana ba. In waya ta shigo, fita yake yi waje. Ban san nawa kwantena take sauka ba, farashin sayarwa kawai ake faɗa min. Ranar da ya kwanta asibiti sati biyu, kaya suka iso Legas, daga ni har 'ya'yansa babu wanda ya san wa za a kira, kuɗin ajiya yana ta hawa. Ku dubi 'yan kabilar Ibo a Sabon Gari. Tun ranar da aka kawo yaro an san shekarun da zai yi, an san za a sallame shi da jari. Mu sai dai “Allah ya sa albarka”, ba ka san ranar sallamarka ba, ba ka san matsayinka ba.

Alhaji Mai Shadda:
Yaro, ka yi magana, ta kuma shige ni. Amma ku ji ta bakinmu. Na taɓa sakin jiki da wani, na kai shi Dubai da kuɗina, na nuna masa kowa. Shekara ba ta zagayo ba ya buɗe shago yana kallon nawa, da baƙina. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ɗan Kwari:
Baba Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, amma da ka yanka masa kaso a riba, anya zai tafi? Mutum ba ya gudun shagon da yake da rabo a ciki.

Alhaji Mai Shadda:
Wataƙila. Wataƙila kuma da ya tafi da fiye da haka. Ban yarda da maganarka ta farko ba har yanzu, ɗana sai ya zauna a shagon nan ko yana so ko ba ya so. Abin da ya tsaya min shi ne na asibitin nan. Shekarata 63, ni kaɗai nake sa hannu a asusu. Malam na banki, yaya ake ƙara mutum ba tare da ya kwashe ni ba?

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Da sauƙi, Alhaji. Ka fara yi wa harkar rajistar kamfani a hukumar CAC, asusun ya koma sunan kamfani, don asusun da ke sunanka rufe shi ake yi ranar da labarin rasuwa ya iso banki, sai an kawo takardun kotu. Sannan ka rubuta wa banki sharaɗi: kai kana sa hannu kai kaɗai, su kuwa sai mutum biyu sun haɗu, ɗanka da yaronka, kuma da iyakar adadin da za su iya fitarwa. Saƙon kowace fita a wayarka zai sauka. Ka zo da su biyun ranar Litinin, da katin shaidarsu da hotuna, zan raka ku.