"Matambayi ba ya ɓata": har yau haka ne?

Tsohon Malami: Assalamu alaikum. Wata magana ce ta hana ni sakat tun jiya. Mun tashi muna jin "matambayi ba ya ɓata", ni ma shekara talatin ina faɗa wa ɗalibai haka. To yau ga waya a hannun kowa, ka rubuta tambayar da ka ga dama, kafin ƙiftawar ido amsa ta fito. Amma ban taɓa ganin zamanin da ake ɓatar da mutane kamar wannan ba. Karin maganar ce ta tsufa, ko mu ne ba mu gane ta ba?

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam, Baba. Ni a ganina yanzu ma ta fi ƙarfi. Tun da Google ya fito a 1998, Wikipedia ta biyo baya a 2001, abin da a da sai ka yi tattaki zuwa ɗakin karatu, yau kana kwance zai same ka. Ni gyaran kwamfuta a YouTube na koya, ba wanda ya zaunar da ni. Duk wanda yake da wannan a aljihu kuma ya ƙi nema, shi ne kazar da ta kwana a kan dami.

Maman Biyu: Ƙanena, kai tambayarka a hannun masana ta faɗa. Wanda ya kafa karin maganar nan matafiyi yake nufi, ya tsaya ya tambayi ɗan gari hanya, yana kallon idonsa. In ya ɓatar da shi da gangan, gobe an san inda za a same shi. A intanet wa za ka kama? Watan jiya aka turo mini hoton ambaliya, wai a ranar ta auku. Gabana ya faɗi, na hau kiran 'yan uwa. Sai 'yata ta karɓi wayar ta sa hoton a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, ashe ya fi shekara biyar yana yawo, kuma ma na wata ƙasa ne. Kafin nan na riga na tura wa mutum uku, ɗaya mai hawan jini ce. Har yau abin yana damuna.

Ɗan Auta: Yaya, ai nan ba ki yi tambaya ba, ji kika yi kika yarda. Gani ya kori ji.

Maman Biyu: Ai gani na yi, ƙanena. Hoto ne fa!

Mai Nazari: Hajiya ta kawo mu inda gizo ke saƙar. Shi kansa ganin yanzu sai an yi masa tambaya. A watan Maris na 2023 hoton Fafaroma Francis sanye da ƙatuwar farar rigar sanyi ya zaga duniya, jama'a da yawa suka gaskata, alhali da Midjourney, manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI) mai ƙirƙiro hotuna, aka ƙera shi. Kafin nan, a 2018, masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun bi sawun labarai wajen 126,000 a Twitter. Suka gano cewa labarin gaskiya kan ɗauki kusan ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ya kai ga mutum 1,500, kuma mutane ne suka fi yaɗa ƙaryar da hannunsu.

Amma Malam, ni ban yarda karin maganar ta tsufa ba. Ku dubi ginin kalmar. Ba a ce "wanda ya yi tambaya" ba, "matambayi" aka ce, kamar maƙeri ko manomi, wato wanda abin ya zame masa jiki. Ba a kiran mutum manomi don ya taɓa riƙe fartanya sau ɗaya. Matambayi in an ba shi amsa sai ya ce wa ya faɗa, yaushe, a ina ya samo. Abin da 'yar Hajiya ta yi ke nan. Yawancinmu a tambayar farko muke tsayawa, musamman in amsar ta yi mana daɗi, su kuwa manhajojin sada zumuntar nan an gina su ne su ƙara maka irin abin da ka daɗe kana kallo.

Maman Biyu: To ni abin ya fara sa ni tunanin in daina duba labarai gaba ɗaya, in huta.

Tsohon Malami: A'a Hajiya, kada ki yi haka, don Allah. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Lokacin korona a 2020, waɗanda suka rufe kunne su ne suka fi saurin faɗawa hannun masu jita-jita, don ba su da abin da za su auna ta da shi. Mai Nazari, na gode ƙwarai, shekara talatin ban taɓa lura da wannan "ma-" ɗin ba. Yanzu ku koya mini: in saƙo ya shigo, me zan fara dubawa?

Maman Biyu: Baba, a WhatsApp ka fara duba saman saƙon. In ka ga kibiya biyu, ya bi ta hannaye da yawa ke nan, shi ya sa tun 2020 ba sa barin a tura irinsa sai wuri ɗaya a lokaci guda. Na hoto kuma bari 'yata ta dawo daga makaranta, zan sa ta rubuto maka matakan ɗaya bayan ɗaya.