Garin furotin ga yaro mai gudun dogon zango: a saya ko a bari?

Baban Khalid: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yarona ɗan shekara 16 ne, yana gudun mita 5,000, bayan asuba kullum yana filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ya dame ni in saya masa garin furotin ɗin nan na cikin babbar roba, wai abokansa duk suna sha. Nauyinsa kilo 50 ne, kuma gaskiya ya rame. Kuɗin robar ba kaɗan ba ne. In saya ko in bari?

Koci Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a zo maganar roba, me yake ci in ya dawo daga fili?

Baban Khalid: Shayi da burodi. Wata rana ma ko zama ba ya yi, sai makaranta. Sai an tashi yake cin abincin kirki.

Koci Ɗan Fagge: To a nan gizo ke saƙa. Yaro ya yi gudu, ya zubar da gumi, ga shi yana kan girma, sannan ya wuni da ruwan shayi har azahar. Dole ya rame. Yunwa ce ke cinsa, Alhaji. In tuwo da shinkafa da fura ba su ishi jiki ba, furotin ɗin da aka ba shi ma ƙona shi zai yi don samun ƙarfi, kamar mai cire ƙyauren ɗakinsa ya hura wutar girki. A dubi 'yan Kenya. Da aka bincika abincin manyan 'yan gudunsu, an tarar kusan kashi 76 cikin 100 na kuzarin da suke samu daga irin su tuwon masara, shinkafa, burodi da sukari yake fitowa. Sai wake, ganye, da shayi mai madara sosai.

Anti Nas: Bari in saka lissafi, Baban Khalid, don hankalinka ya kwanta. Mai gudun dogon zango yana buƙatar wajen giram 1.2 zuwa 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Ga mai kilo 50, giram 60 zuwa 80 ke nan. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6. Kofin nono ko madara kusan 8. Kofin dafaffen wake wajen 13. Gyaɗa kuwa rubu'inta furotin ne, ƙuliƙuli ma ya fi ta tunda an matse man. Ka ga in ya sha koko da ƙosai da ƙwai biyu da safe, ya ci shinkafa da wake da rana, fura da nono da la'asar, da dare tuwo da ɗan kifi ko nama, ya kai ko ya wuce. Abin lura shi ne a rarraba. Giram 15 zuwa 20 a kowane zama ya fi a tara masa duka da dare.

Abba Gwammaja: Anti, ni fa ina sha kuma na ga amfaninsa. Cokali ɗaya na cikin robar kamar ƙwai huɗu ne, ka kaɗa a ruwa ka wuce. Ba kowa ke da lokacin dafa wake da sassafe ba.

Anti Nas: Ban ce guba ba ne, Abba. Mai kyaunsa daga ruwan madara ake yin sa, wanda ke fita in ana cuku. Amma kai babba ne, ƙarfe kake ɗagawa, da kuɗinka kake saya. Wannan yaro ne da bai ma karya kumallo ba. Ƙwai huɗun da ka ambata sun zo da bitamin da mai da garin ba shi da su.

Maman Ilham: Maganar lokaci kuwa, tun dare nake dafa wa 'yata ƙwai in ajiye, in zuba kindirmo a gora, ta tafi da su fili da dabino. Tana gama gudu tana ci, ko takalmi ba ta cire ba. Kuma kada a manta da awara. Ina sayen waken suya a Dawanau, mu jiƙa, mu markaɗa, mu tace, a sa ruwan tsami ta haɗu. Mudu ɗaya yana isar gida. Sai dai gyaɗa da ƙuliƙuli a duba da kyau, in an ga funfuna ko an ji ɗaci a zubar, tana lalata hanta.

Koci Ɗan Fagge: Abin da ya fi tsaya mini a rai ma daban ne. Ba duk abin da ke cikin robar ake rubutawa a jikinta ba. A wani bincike da aka yi a Jamus farkon shekarun 2000, an gwada irin waɗannan kayan guda 634 daga ƙasashe 13, kusan kashi 15 cikin 100 suna ɗauke da sinadaran ƙara ƙarfi da aka haramta, kuma ba a ambata ba. Dokar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan haramtattun ƙwayoyi a wasanni, ba ta jin “ban sani ba”. Duk abin da aka samu a fitsarinka kai za ka amsa. Lambar NAFDAC tana da muhimmanci, amma ba ita ke nuna kaya ya tsira daga jerin haramtattun wasanni ba. Wanda ake aunawa a leda kuwa babu suna babu lamba, don Allah ko kyauta kada a karɓa. Sannan iyaye a sa ido kan ƙwaya. Tiramadol ya shiga jerin haramtattu lokacin gasa tun Janairun 2024, ban da illar da duk ɗan Kano ya san yana yi wa matasa.

Abba Gwammaja: Kiriyatin fa, Koci?

Koci Ɗan Fagge: Shi ma gari ne na ƙara ƙarfin tsoka, amma na masu gajeren gudu da ɗaga ƙarfe ne. Yana tara ruwa a tsoka, mutum ya ƙara kilo ɗaya ko biyu, mai mita 5,000 kuma ba ya son kayan dako. Ga ɗan ƙasa da 18 ba na ba da shawararsa.

Maman Ilham: Anti Nas, maganin ƙarin jini fa? 'Yata takan yi haki da wuri, wata maƙwabciya ta ce in saya mata.

Anti Nas: Maman Ilham, a fara da gwajin jini, kada a saya da ka. Ƙarancin sinadarin ayon ya yi yawa ga 'yan mata masu gudu saboda al'ada, kuma shi ne ke taimaka wa jini ɗaukar iska zuwa tsoka. Amma shan sa ba bisa buƙata ba yana taruwa a jiki ya cutar. Kafin sakamako ya fito, ki riƙa ba ta hanta sau ɗaya a mako, da zogale da alayyahu da wake, ta bi da lemon zaƙi ko gwaba domin suna taimaka wa jiki ya tsotse shi. Shayi kuma a ba shi tazarar awa guda da abinci, yana tare hanya. Baban Khalid, kai ma in an gyara cimar nan aka yi wata guda ramar ba ta tsaya ba, ka kai shi asibiti a duba jini da tsutsar ciki.

Baban Khalid: Allah Ya saka da alheri. Na fasa robar, kiret ɗin ƙwai zan saya. Amma Koci, in azumi ya zo ya za a yi da atisayen?

Koci Ɗan Fagge: A rage nisa, a mayar da gudu mai tsanani bayan buɗa-baki, in abinci ya faɗa. Na rana a bar shi kwata-kwata, balle in an shiga zafin Afrilu da ke haura maki 40. Sahur ya zama da fura da nono ko ƙwai, ba shayi kaɗai ba, ruwa kuma ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan daga magariba har ya kwanta. Ka turo mini shi ranar Asabar in ga jadawalinsa.