Shawarwarin masu farautar tsofaffin fina-finai

Da aka tattauna kan fina-finan da jama'a suka manta da su, abin da aka fi nanatawa shi ne a lura da kwafin da ake kallo. Fim ɗaya kan zo iri-iri, wani an datse shi, wani hoton ya dusashe. Aka kawo misalin Metropolis, fim ɗin Jamus na 1927: an yi shekaru ana kallonsa a gutsure, sai a 2008 aka gano wani kwafi a Buenos Aires, babban birnin Ajantina, aka mayar masa da kusan minti 25. Wanda ya tsaya kan tsohon kwafin, da giɓi ya sami labarin.

Wasu suka ce a kama darakta ɗaya a bi ayyukansa daki-daki. Ni dai ban gamsu ba, daɗin abin ai a lalube yake.

An kuma ce a leƙa Internet Archive, shafin intanet mai adana tsofaffin littattafai da fina-finai. Can za a samu Night of the Living Dead na 1968 kyauta, saboda an fitar da shi babu alamar haƙƙin mallaka. Fina-finai marasa magana kuwa, a nemi wanda aka ɗora wa kiɗa mai kyau, kuma kada a kalla a waya.