Gidan Passivhaus: in an toshe kowace kafa, ta ina iyali za su sha iska?

Hadiza:
Assalamu alaikum. Ana cewa gidan Passivhaus, wato gidan da ake ginawa don ya riƙe ɗuminsa ko sanyinsa da ɗan makamashi kaɗan, sai an toshe duk kafar da iska ke bi. To, iyali mai mutum shida, ga girki ga wanka, ba za su shaƙe ba? Tururin kuma ina zai tafi?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Tun gidan farko da aka gina a Darmstadt ta ƙasar Jamus a 1991, toshe kafa da shigo da iska tare suke tafiya. Domin gwada toshewar, ana kafa fanka a ƙofa a matsa gidan da ƙarfin Pascal 50, wato ma'aunin matsin iska. Iskar da ke sulalewa a awa ɗaya kada ta wuce 0.6 na iskar da gidan ke ɗauka. Numfashi kuwa aikin na'ura ne. Tana zuƙe iskar kicin da banɗaki, tana turo sabuwa falo da ɗakunan kwana, mai fita da mai shigowa su ratsa akwati ɗaya ba tare da sun gauraya ba, a ƙwato aƙalla kashi 75 cikin ɗari na ɗumin da zai fita. Ana lissafa kimanin mita kubik 30 na sabuwar iska a awa ga kowane mutum, mutum shida 180 ke nan. A bar tazarar santimita ɗaya ƙarƙashin ƙofofin ciki domin iskar ta samu hanya. Taga kuma ba a hana buɗe ta ba.

Malam Usman:
Gaskiya ne, Injiniya, amma wurin ginin ne ake faɗuwa gwajin. Bulo kaɗai ba ya tare iska, filastar ciki ce ke tarewa, don haka ta sauka har kan daɓe, ta bi bayan soket da bayan matakala, inda ake yawan tsallakewa saboda ido ba ya kaiwa. Kowane bututu da waya a sa masa roba mai kama shi gam. Bakin taga a liƙe da tef ɗin da aka yi domin haka. Kumfar feshi tana tsagewa in gini ya motsa. A yi gwajin kafin a rufe silin. In an ɗora hannu a bakin firam, za a ji sanyin iskar yana tsirtowa, nan take a gyara.

Zainab:
Batun tururi, Hajiya, a ƙasa mai zafi da laima na'urar kaɗai ba ta isa ba. A zaɓi akwati mai musayar laima, a ƙara na'urar tsane iska. Matatar ƙurar da ke cikin na'urar shigo da iska kuma a canza ta sau ɗaya ko biyu a shekara. In ta toshe da ƙura, iska ta ragu, fankar na'urar ta fara yin ƙara.